Takarda da Tsatsa: Daga Tawadar Bagaruwa Zuwa Takarda Mai Ɗaukar Lantarki

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, na Doha da Jidda da Khartum da Landan da duk inda iyaye suka kai mu, yau tarihi zan ɗan ja mu, amma tarihin da ya haɗa da kimiyya, don haka kada wanda ya gudu. A 'yan shekarun nan masu bincike a jami'o'i da dama suna ta ƙoƙarin haɗa zaren tsiro da tsatsar ƙarfe su fitar da takardar da lantarki zai iya bi ta cikinta. In ka karanta rahotanninsu sai ka ɗauka jiya aka fara haɗa waɗannan abubuwa biyu. To ba jiya ba ne. Auren ya tsufa, an sha faɗa a cikinsa, kuma Kano da Sakkwato suna cikin shaidu.

Bari mu fara sanin ango da amarya. Zaren tsiron nan sunansa selulos, wani Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya ware shi ya bayyana shi a 1838. Shi ne ƙashin bayan kowane tsiro. Auduga kusan kashi 90 cikin ɗari selulos ce, itace kuwa wajen rabinsa. Ke nan rigar shadda, da takardar jarrabawa, da karan dawar da ake danne gida da shi a ƙauye, duk dangi ne. Ita kuwa tsatsa, ƙarfe ne da ya sha iskar oksijin. Ita ma gida guda ce mai 'ya'ya da yawa. Akwai ja, wato hematayit, wadda ke ba jar ƙasarmu launinta. Akwai baƙa, magnetayit, wadda mayen ƙarfe ke jawowa. Tamar da kakanninmu suke narkawa ita ma tsatsa ce da Allah Ya binne a ƙasa. A gindin Dala an samo alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano yana cewa wani maƙeri ne daga Gaya ya zo neman tama ya zauna a wurin. Ashe garin da yawancinmu ke cewa "can gida" tsatsa ce ta fara tara mutanensa.

Yanzu ga takarda. A iya abin da tarihi ya nuna, takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai sayo ta ake yi daga waje. Ta hamada take shigowa a bayan raƙuma, daga Tarabulus ko Masar, ta bi Ghadames da Ghat ta sauka kasuwar Kurmi. Wadda ta fi yawa a ƙarni na 19 ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ba ka ganinsa sai ka ɗaga ta ga haske. A arewacin Italiya ake yin ta, musamman a masana'antar gidan Galvani da ke yankin Pordenone, kuma da tsummokara ake yin ta, ba da itace ba. Bature Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya ga irinta ana sayarwa. Ku duba wannan abin mamaki: tsohuwar rigar wani Ba'italiye, an daka ta an mayar takarda, ta tsallake teku da hamada, ta zo wani alaramma ya rubuta Suratul Baƙara a kanta. Wanda duk yake da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka a gidansu, ya yi alwala ya ɗaga warƙa ɗaya ga taga, mai yiwuwa ya ga watannin nan uku.

Tawada kuwa tamu ce, a gida ake haɗa ta, kuma iri biyu ce da bai kamata a cakuɗa su ba. Ta allo, wadda duk wanda aka taɓa tura shi makarantar allo lokacin hutu ya sani, gawayi ce ko baƙin hayaƙi da ƙaro da ruwa. A saman allo take zama, shi ya sa ake wanke ta a sake biya wani karatun, shi ya sa ma ake iya yin rubutun sha da ita. Ta littafi daban ce, don littafi ba a son ya wanku. A nan ne ƙarfe ke shigowa. Ana jiƙa ko a dafa abin da ke da bauri, irin 'ya'yan bagaruwa, a haɗa da ƙarfe ko kashin maƙera, a sa ƙaro don ta kama alƙalami. Dabarar ɗaya ce da ta majema da dukawa: bagaruwa ce ke jeme fata, kuloko mai ƙarfe a ciki kuma in ya hau jemammiyar fata sai ta yi baƙi ƙirin. Wata ma'aikaciyar adana littattafai daga Amurka, Michaelle Biddle, ta zagaya taskokin rubuce-rubuce na Arewacin Nijeriya, ta tattara hanyoyin haɗa tawada daga bakin masu yi, ta wallafa bincikenta a 2011. Wanda ke son girke-girken dalla-dalla sai ya nemi aikinta.

Me ke faruwa a cikin kurtun tawada? Ƙarfe in ya narke a ruwa yana da hali biyu, masana na kiransu mai caji biyu da mai caji uku. Lokacin da alƙalami ya taɓa takarda, da yawan ƙarfen yana a hali na farko, mai narkewa, sai ya ratsa cikin zaren. Da iska ta buge shi sai ya koma hali na biyu, ya ƙulle da sinadarin baurin nan, ya zama baƙin da ba ya narkewa. Ya riga ya shiga, ƙofa kuma ta rufe. Shi ya sa irin wannan rubutu yakan fito fari-fari da farko, bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi duhu. A riƙe wannan canji daga caji biyu zuwa uku, don zai dawo mana nan gaba. A Mali ma Bambarawa da shi suke yin zanen nan nasu, bogolan: su jiƙa saƙin auduga da ruwan ganyen marke, su zana da taɓo mai ƙarfe da aka ajiye ya tsima, wurin ya yi baƙi.

Amma fa auren nan da rikici. Ƙarfen da ya yi saura, wanda bai samu baurin da zai ƙulle da shi ba, ba ya zama lafiya. In akwai laima sai ya rinƙa tsinka zaren selulos a hankali, ga kuma tsamin da ke cikin tawadar yana taya shi. Wani Bature ɗan Ingila, Fenton, ya bayyana irin wannan aikin na ƙarfe tun 1894. Alamar farko ita ce ka ga rubutun ya ratso bayan warƙa da launin ƙasa-ƙasa. Daga nan sai inuwa ta kewaye haruffa, daga nan sai tsagewa, ƙarshe harafin ya faɗo ya bar rami daidai siffarsa. Ba mu kaɗai ba ne, Turai ma da irin wannan tawada suka yi ɗaruruwan shekaru, kuma rubuce-rubucen mawaƙinsu Bach da ke Berlin sun sha wannan cuta. A 1995 wani masani a Holan, Johan Neevel, ya fito da magani, wani sinadari da ake samu a cikin hatsi, wanda ke ɗaure ƙarfen da ya yi saura ya hana shi ɓarna.

A nan zan roƙi 'yan uwa wani abu, don wallahi na ga yadda muke yi. In warƙar littafin kaka ta yage, kada a liƙe ta da salatif. Kada a kai ta shago a rufe ta da leda mai zafi kamar katin shaida. Kada a bar gafaka a sito ko a baranda. Mu da ke Mesaimeer mun san yadda Agusta take, zafi ya haura digiri 40 ga laima kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo, kuma laimar nan ita ce abincin wannan cuta. Ɗaki mai sanyi da bushewa, a kwance, ba a yawan buɗewa. A ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Qatar, wanda aka yi bikin buɗe shi a 2018, yana da sashen gyara da adana tsofaffin rubuce-rubuce, a gida kuma akwai Arewa House a Kaduna da aka kafa a 1970, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Tambayar masu sana'a ta fi gwajin hannu.

To yanzu mu tsallaka Jamus, don a can ne takarda da tsatsa suka koyi magana. Wani injiniya mazaunin Dresden, Fritz Pfleumer, ya yi aiki a kan yadda za a manna garin ƙarfe mai launin zinariya a jikin takardar taba sigari. Daga nan tunani ya zo masa: me zai hana a manna garin da mayen ƙarfe ke ja a jikin siririyar takarda, a adana sauti a kai? A 1928 ya yi rajistar wannan ƙirƙira. Yadda abin ke aiki ba wuya: murya ta zama lantarki, lantarki ya zama ƙarfin maganaɗisu a wani ɗan kai, takarda tana wucewa, kowane ƙwayar gari yana juyawa ya tsaya inda aka juya shi. In ka sake wuce da ita sai ta mayar maka da abin da ka ba ta. Matsalar dai takarda yagewa take yi. Kamfanin AEG ya karɓi aikin inji, BASF kuma ya karɓi na zaren, suka maye gurbin takarda da wata leda da ake yi daga selulos ɗin dai, mai suna asitet. A 1935 aka nuna injin Magnetophon a baje-kolin rediyo na Berlin. Sun gwada garin ƙarfe zalla, suka koma baƙar tsatsa, daga 1939 suka tsaya a kan wata mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ita ce aka ci gaba da amfani da ita shekara da shekaru. Bayan yaƙin duniya na biyu wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya kwashi injinan ya kai gida, kuma a 1947 mawaƙi Bing Crosby ya fara naɗar shirinsa na rediyo da su.

Kaset ɗin da muka sani Philips ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Zuwa lokacin an saki selulos an auri ledar foliyesta, amma launin ƙasa-ƙasan da kuke gani a zaren kaset, wanda muke sa biro mu naɗe in rikoda ta cinye shi, tsatsa ce.

Ban san wata ƙirƙirar Turawa da ta shiga rayuwar Bahaushe kamar kaset ba, in ka cire rediyo. Mutanen da boko bai kai gare su ba, ga shi kuma su ma'abota magana ne, sai aka ba su abin da ke riƙe magana. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello na Kaduna, wanda gidan rediyon Kaduna ke sawa, a kaset ya zaga ƙauyuka har Nijar da Gana, kuma bayan kafa Izala a Jos a 1978 muhawarar addini kanta a kaset aka rinƙa yin ta, wannan ya yi wa'azi wancan ya mayar da martani. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya da Barmani Coge, a kaset direbobin manyan motoci suka kai su inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon finafinan Kano daga kansa, a kaset ɗin bidiyo ya fito, kasuwar Ƙofar Wambai kuma ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa. Sannan akwai wanda ya fi shafarmu, kaset ɗin saƙo. Kafin kiran waya ya yi sauƙi, a tara gida a gaban rikoda, kaka ta yi gaisuwa, ta lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta yi faɗa a kan rashin aike, a miƙa wa yara su ce wani abu su yi ta dariya, a ba alhaji mai tafiya ya kai. A gidanmu akwai irinsu a kwali, kuma Hausar da ke ciki ba irin wadda muke yi a tsakaninmu ba ce, akwai kalmomin da sai na tambayi Umma. Wasu muryoyin babu inda suka rage a duniya sai a kan wannan 'yar tsatsa.

Su ma suna mutuwa. Tsohon zare na asitet, irin na manyan faya-fayan gidajen rediyo, in ya fara lalacewa warin khal yake yi, daga nan ya ƙanƙance ya karye. Na kaset kuma ɗankon da ya riƙe garin ne ke gajiya da zafi da laima. Wanda ya bar kaset a mota a Doha rana ɗaya ya san sauran labarin. A nemi rikoda mai lafiya tun ana samu, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan mai magana da shekara tun akwai wanda zai gane muryar.

Duk wannan da na faɗa, lantarki bai bi ta cikin takarda ba tukuna. Ina jaddada wannan ne don na san halinmu a intanet, gobe wani zai yanko rabin maƙalar nan ya ce Hausawa ne suka ƙirƙiro takarda mai lantarki. Ba haka ba ne. Tawadar bagaruwa ƙarfe ce da bauri, ba ta ɗaukar lantarki, kaset kuma maganaɗisu yake riƙewa. Abin da malamanmu da dukawanmu suka sani shi ne yadda ake sa ƙarfe ya shiga zare ya zauna, kuma wannan ma ba ƙaramin sani ba ne, ba ya buƙatar a yi masa ƙari.

Hasali ma takarda maƙiyiyar lantarki ce. Buɗe taransifoma, ta unguwarmu nan ko wadda ake karo-karo a gyara a Kano, za ka tarar da takarda jiƙe da mai naɗe da wayoyi don ta hana lantarki tsallakawa. Yawancin tsatsa ma haka. Baƙar nan, magnetayit, ita ce ta fita zakka, kuma dalilin shi ne abin da na ce a riƙe: a cikinta akwai ƙarfe mai caji biyu da mai caji uku zaune maƙwabtan juna, sai ilektiron ya rinƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Verwey, wani masani a ɗakin binciken Philips, ya nuna a 1939 cewa in aka sanyaya ta ƙasa da wajen digiri 150 ƙarƙashin sifili tsallen yakan tsaya cik, ɗaukar lantarkinta ya faɗi kusan ninki ɗari. Ko a zafin ɗaki ma jan ƙarfe ya fi ta ninki dubbai. Amma a cikin dangin tsatsa sarauniya ce.

Yadda ake shigar da ita takarda zai ba mai haɗa tawada dariya don kama. A 1981 Bafaranshe René Massart ya wallafa hanya mai sauƙi: gishirin ƙarfe mai caji biyu kashi ɗaya, mai caji uku kashi biyu, a narka a ruwa, a zuba abu mai kaifi irin amoniya, nan take ruwan ya yi baƙi da ƙwayoyin magnetayit ƙanana, kowace wajen nanomita 10. In ka fara jiƙa takarda ko auduga a ruwan ƙarfen kafin ka zuba amoniya, sai ƙwayoyin su haihu a cikin zaren, su maƙale. A farkon shekarun 1990 Robert Marchessault da abokan aikinsa a Montreal suka yi wannan, suka samu takardar da mayen ƙarfe ke ɗagawa. A 2010 masu bincike a Stockholm suka yi da selulos ɗin da ƙwayoyin bakteriya ke saƙawa da wata 'yar uwar magnetayit mai kobalt, suka samu abu mara nauyi kamar soso, mai lanƙwasuwa.

Ɗaukar lantarki kuwa ta fi wuya, don sai ƙwayoyin sun taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan, kamar duwatsun tsallake rafi, in ɗaya ya yi nisa tafiya ta tsaya. In ka cika su da yawa takarda ta yi gautsi. Ga kuma iska, wadda a hankali take mayar da mai caji biyun nan ya zama mai uku, tsalle ya ƙare. Abin da ke baƙanta tawadar malam shi ne ke kashe wannan. Shi ya sa yawanci ake kawo na uku a cikin auren, wato kabon, dangin gawayi, ko wata leda ta musamman mai ɗaukar lantarki. Wasu kuma sukan gasa selulos ɗin kansa a tanderun da ba iska, wajen digiri 800, ya koma gawayi, ƙarfen da ke ciki ya taimaka masa ya jeru kamar bakin fensir. Edison ma da ƙonannen zaren auduga ya kunna ƙwan fitilarsa a 1879. A 2009 wata ƙungiya a Stanford ta shafa wa takardar ofis tawadar kabon ta yi abin adana caji da ita, wata kuma a Uppsala ta yi batir da selulos na gansakukar teku.

Me ake nema da duk wannan? Batir mai arha, don a lissafi giram ɗaya na magnetayit na iya riƙe caji fiye da ninki biyu na girafayit ɗin da ke cikin batirin wayarka, ko da yake tana kumbura tana tsukewa har ta farfashe, kuma wannan ce ta hana ta shiga kasuwa. Ana neman marufi mara nauyi da zai kare na'urori daga igiyoyin da ke rikita su. Ana neman 'yan na'urorin gwaji da za a yi amfani da su sau ɗaya a yar su ruɓe. Ana neman matatar da za ta kama dafin ƙarfe a ruwa, sannan a tsamo ta da mayen ƙarfe. Duk wanda ya tuna gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san wannan na ƙarshe ba wasan ɗakin gwaji ba ne, duk da har yanzu yawancin waɗannan abubuwa ba su fito daga ɗakin gwajin ba.

Kayan aikin kuwa shara ce a wurinmu. Nan Qatar ga ganye da zaren dabino da ake sarewa kowace shekara, ga masana'antar ƙarfe ta Mesaieed, wadda ta fara aiki a 1978 (Mesaieed fa, kudu da Doha a bakin teku, ba Mesaimeer ɗinmu ba, baƙi kullum sai sun rikita su), inda ake cire wa tama oksijin da iskar gas, kuma ɓawon da ke zubowa daga jikin rodi mai zafi tsatsa ce zalla. A gida ga ƙaiƙayin shinkafa tuli a Kura da Kebbi, ga karan dawa, ga audugar Funtuwa, ga tamar Itakpe.

Mai ƙane ko ƙanwa a gida zai iya gwada matakin farko yau da daddare. A samu fensir mai taushi, irin na masu zane, a ja layi biyu masu kauri a takarda, a maimaita har su yi sheƙi, kada su haɗu. A ɗora batir mai bolt 9 a gefe ɗaya, kowane baki a kan layinsa, a manna ƙafafun ƙaramin ƙwan LED a ɗaya gefen, doguwar ƙafa a layin da ke da alamar tarawa. A kashe wutar ɗaki, zai kawo haske kaɗan. In ka matso da ƙwan kusa da batir hasken ya ƙaru, in ka goge tsakiyar layi ɗaya ya mutu. In aka gwada da tawadar allo ta gawayin murhu da wuya ta kunna, don wutar girki ba ta kai zafin da ke jera kabon ba, ga ƙaro kuma ya shiga tsakanin ƙwayoyin.